Yadda Ake Gina Tawagar 'Yan Wasa 53 ta Ƙungiyar NFL, Daga Lissafin Albashi Zuwa Ranar Tankaɗe da Rairaya

Ƙwallon Amurka, wato wanda ake bugawa da hular kwano da sulke a kafaɗa, yana da tsarin da ya raba shi da ƙwallon ƙafar Turai: a gasar NFL mai ƙungiyoyi 32, babu attajirin da zai zo da buhun kuɗi ya kwashe taurari, domin an yanka wa kowace ƙungiya adadin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasa a shekara. Saboda haka wanda ya iya raba kuɗi da gurabe shi yake daɗewa a sama, kuma wannan aikin janar manaja ne da ma'aikatansa. Na daɗe ina yin irin aikin a kan takarda, ina ɗaukar ƙungiya guda tun daga Fabrairu in bi ta da lissafi har ƙarshen Agusta, sannan in gwama jerina da wanda ta fitar. Matakan da ke ƙasa su ne waɗanda ofisoshin ƙungiyoyin ke bi, kuma a kan wannan jeri nake yin nawa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ƙungiya ɗaya tak. Sabon shiga yakan so ya taɓa nan ya taɓa can, amma sai ka zauna da ƙungiya guda za ka san wanda ke fama da gwiwa da wanda koci ya daina yarda da shi. Na biyu, shafin lissafi na kwamfuta irin Excel ko Google Sheets. Idan babu, babban littafin rubutu da fensir da magogi sun wadatar. Na uku, alƙaluman kwantiragi, waɗanda shafukan Over the Cap da Spotrac ke wallafawa, tare da Pro Football Reference inda ake ganin shekarun kowane ɗan wasa da yawan karon da aka saka shi a fili. Na huɗu, kalandar gasar: gwajin gudu da ƙarfi na matasa a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, buɗe kasuwar 'yan wasa a tsakiyar Maris, zaɓen matasa da ake kira daraf a ƙarshen Afrilu, sansanin horo a ƙarshen Yuli, sai rage tawaga a ƙarshen Agusta. Idan ba ka da halin kallon cikakkun wasanni, kada ka dogara da gajerun bidiyoyin bajinta, domin ba sa nuna kuskure. Ka dogara da yawan karon da koci ya saka mutum, don koci ba ya wasa da aikinsa.

Mataki na 1: Jera abin da ke hannu

Mutum 11 ne a fili a kowane ɓangare, kuma tawagar ta kasu uku: masu kai hari, masu tsaro, da rukunin bugu. Ka rubuta kowane gurbi, a ƙarƙashinsa sunan na farko da na biyu da na uku. A gaban kowane suna ka cika gidaje biyar: shekarunsa, shekarun da suka rage a kwantiraginsa, nauyinsa a lissafin albashin bana, asarar da za a ɗauka idan an sallame shi, da matsayin da ka ba shi, wato tauraro, ko ɗan farko mai inganci, ko mai jiran gurbi, ko wanda ya kamata a maye. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne auna mutum da sunan da ya yi shekara uku da suka wuce. Ka auna shi da abin da kake tsammanin zai yi a kaka mai zuwa.

Mataki na 2: Yanke hukunci a kan kwatabak

Kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowane karo, mai jefawa, mai karanta tsaron abokan hamayya, kuma halin da yake ciki shi ke tsara duk sauran matakan. Ƙungiya tana cikin ɗayan hali uku.

Hali na farko, tana da matashi gwani a kwantiraginsa na farko. Tun daga yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sababbin shiga, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: Sam Bradford, zaɓi na ɗaya a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida, shi kuwa Cam Newton, zaɓi na ɗaya a 2011, ya samu kimanin miliyan 22 na shekara huɗu. Idan kana cikin wannan hali, to lokacin kashe kuɗi ne a sauran gurabe, ba tare da jinkiri ba. Seattle Seahawks ta ɗauki kofi a Fabrairun 2014 alhali albashin Russell Wilson bai kai dala miliyan ɗaya ba, San Francisco 49ers kuma ta kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 da Brock Purdy, wanda shi ne na 262, wato na ƙarshe, a daraf ɗin 2022.

Hali na biyu, tana da tauraro mai tsada. Kwantiragin da Dak Prescott ya yi da Dallas a 2024 ya kai matsakaicin dala miliyan 60 a shekara, kuma wanda ke biyan irin wannan dole ya haƙura da wasu taurarin. Kansas City Chiefs ta nuna yadda ake yi: a Maris na 2022 ta miƙa gwanin cafe ƙwallo Tyreek Hill ga Miami ta karɓi zaɓe biyar na daraf, ta cika bayan tsaronta da matasa masu araha a kewayen kwatabak ɗinta Patrick Mahomes, ta ɗauki kofi biyu a jere.

Hali na uku, ba ta da kowa. A nan ne ake manyan asara, domin matsuwa takan sa a saya da kowane farashi. Cleveland Browns ta ba da zaɓe uku na zagayen farko a 2022 don samun Deshaun Watson, ta kuma lamunce masa dala miliyan 230 gaba ɗaya, kuɗin da ya ɗaure mata hannu shekaru bayan wasansa ya lalace. A ganina ma akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, wato biyan kwatabak matsakaici farashin gwani, domin ƙungiyar za ta ci wasanni daidai yadda ba za ta samu zaɓen sama a daraf ba, kuma ba za ta kai ga kofi ba. Idan babu gwani, ka ɗauki gogagge mai araha na shekara ɗaya ko biyu, ka tara zaɓuɓɓuka, ka jira.

Mataki na 3: Lissafin iyakar albashi

An fara iyakar ne a 1994 da dala miliyan 34.6. Ta kai miliyan 255.4 a 2024, da miliyan 279.2 a 2025, kuma kusan kullum tana hawa, sai dai a 2021 ta sauko zuwa miliyan 182.5 saboda annobar korona. Abin da za ka fara fahimta shi ne, kuɗin da ɗan wasa ya karɓa a hannu daban, wanda aka rubuta a littafin iyaka daban. Albashin shekara ana rubuta shi a shekararsa, amma kuɗin sa hannu ana raba shi daidai wa daida a kan shekarun kwantiragin, har zuwa biyar.

Ga misali da fensir. An ba mutum kwantiragin shekara biyar da kuɗin sa hannu dala miliyan 50. Ya karɓe su duka a ranar farko, amma littafi zai nuna miliyan 10 kowace shekara. Idan aka sallame shi bayan shekara biyu, ragowar miliyan 30 za su faɗo gaba ɗaya a kan shekara ta uku, ga shi ba ya buga maka wasa. Wannan shi ne mataccen kuɗi. Akwai sauƙi ɗaya: idan sallamar ta zo bayan 1 ga Yuni, ko aka yi mata rajista da wannan matsayi, wanda aka yarda wa kowace ƙungiya ga mutum biyu, sai miliyan 10 su tsaya a bana, miliyan 20 su koma baɗi. Haka Denver Broncos ta yi da ta sallami Russell Wilson a 2024, inda ta raba asarar dala miliyan 85 a kan shekara biyu.

Idan lissafinka ya haura iyaka, hanya uku ce: sallama, musaya, ko mayar da albashin wani zuwa kuɗin sa hannu don a baza shi gaba. Hanya ta uku ita ce mafi daɗi a yau, amma tamkar cin bashin hatsi ne da bazara a biya da kaka, kuma New Orleans Saints ta yi shekaru tana shiga kowace sabuwar shekara da gibi saboda yawan yin haka. Ka yi ta ga matashin da ka tabbata zai zauna, kada ka yi ta ga wanda ya haura 30. Ka kuma buɗe shafin shekara uku a jere, domin shawarar da ta yi kyau a shafin bana takan bayyana muninta a na baɗi. Kafin kaka ta fara, albashi 51 mafi tsada kaɗai ake ƙirgawa, da ta fara kuwa kowa zai shiga lissafi, don haka ka ware kuɗin matasan daraf, da na tawagar atisaye, wato 'yan ajiyar da ke wajen 53, da wasu miliyoyi na maye gurbin masu rauni. Abin da ya rage ba a kashe ba ana iya ɗaukarsa zuwa shekara ta gaba.

Mataki na 4: Raba gurabe bisa darajarsu

Bayan kwatabak, kuɗi da zaɓen sama su tafi ga gurabe huɗu: mafarautan kwatabak da ke tasowa daga gefen layi, takul biyu da ke kare shi daga su, masu cafe ƙwallo, da kwanabak masu tsare masu cafewar. Dalili shi ne wasan yau wasan jifa ne, kuma gwanayen waɗannan gurabe ba kasafai suke fitowa kasuwa ba. Mai gudu da ƙwallo, da lainbaka na tsakiya, wato mai tsaro a bayan layin gaba, da sefti mai tsaron can baya, da masu bugu, ana samunsu a zagayen tsakiya ko da kuɗi kaɗan. Los Angeles Rams ta ba mai gudu Todd Gurley babban kwantiragi a 2018, ta sallame shi a Maris na 2020. Ba doka ce da ba ta karyewa ba, tun da Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a kakarsa ta farko a Philadelphia Eagles, amma ka lura cewa a bayan katangar masu kariya da aka riga aka gina ya yi shi.

Idan kuɗi bai isa komai ba, ka fara da layuka biyu na gaba, wato katangar da ke kare kwatabak da layin gaba na masu tsaro. A wasan ƙarshe na Fabrairun 2021 Chiefs ta shiga ba tare da takul ɗinta biyu na farko ba, Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, Tampa Bay ta ci 31 da 9. A Fabrairun 2025 kuma Eagles ta kayar da Mahomes sau shida kafin ya jefa ƙwallo, da mutum huɗu na gaba kawai, ta ci 40 da 22.

Mataki na 5: 'Yan gida, wa za a riƙe, wa za a saki

Wanda aka zaɓa a daraf yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu, na zagayen farko kuma ƙungiya na da damar ƙara masa ta biyar. Ana iya sabunta masa bayan shekara ta uku, kuma idan ka tabbata da shi, ka yi da wuri, don farashin kowane gurbi yana hawa tare da iyakar albashi. Idan an kasa daidaitawa da tauraro, akwai tambarin riƙewa na shekara ɗaya, wanda kowace ƙungiya ke iya ɗora wa mutum ɗaya, a biya shi kwatankwacin matsakaicin albashi biyar mafi tsada a gurbinsa, ko albashinsa na bara da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. Matsakaicin ɗan wasa da ke neman kuɗin gwani kuwa, ka bar shi ya tafi. Ƙungiyar da ta rasa 'yan wasa a kasuwa fiye da waɗanda ta ɗauko takan samu zaɓen diyya tsakanin zagaye na uku da na bakwai, har guda huɗu, kuma Baltimore Ravens ta daɗe tana cin wannan gajiya.

Mataki na 6: Kasuwar Maris

Amfanin kasuwa shi ne toshe ramuka, don ka shiga daraf ba tare da wani gurbi yana maka ihu ba. Kwanakin farko farashi a sama yake, domin ƙungiyoyi da yawa na rububin mutum ɗaya, kuma ya kamata ka tambayi kanka dalilin da ƙungiyar da ta fi kowa saninsa ta bar shi ya fito. Bayan mako ɗaya ko biyu ana samun gogaggu a kwantiragin shekara ɗaya. Wanda ƙungiyarsa ta sallama ba ya shiga lissafin zaɓen diyya, don haka ɗaukarsa ba ya rage maka komai. Wajen karanta kwantiragi, ka manta da jimillar da jaridu ke bugawa, ka duba kuɗin da aka lamunce da shekarar da za a iya fita ba tare da babbar asara ba.

Mataki na 7: Daraf

Zagaye bakwai ne, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓe. Ka jera matasan aji-aji maimakon ɗaya bayan ɗaya: ajin da za su fara wasa nan take, ajin da za su fara bayan shekara, ajin masu jiran gurbi. Idan lokacinka ya zo, ka ɗauka daga aji mafi girma da ya rage, kuma a cikin ajin ne kawai buƙata da darajar gurbi za su raba gardama. Wanda ya tsallake aji saboda rami yakan wayi gari da ramin da kuma ɗan wasan da bai isa ba.

Wajen musayar zaɓe, an daɗe ana amfani da jadawalin da ake dangantawa da Jimmy Johnson, tsohon kocin Dallas, wanda ya ba zaɓi na 1 maki 3,000, na 16 maki 1,000, na 32 maki 590. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun nuna cewa ƙungiyoyi na biyan zaɓen sama fiye da ƙimarsa, saboda sun fi yarda da idonsu fiye da yadda sakamako ya nuna. Don haka idan mutum biyar na aji ɗaya sun rage, wani kuma yana son ya hau matsayinka, ka sauka ka karɓi ƙarin zaɓe. Hawa sama da tsada kwatabak kaɗai ya cancanta, shi ma caca ce: Chiefs ta hau daga 27 zuwa 10 a 2017 ta samu Mahomes, 49ers ta hau zuwa na 3 a 2021 ta ɗauki Trey Lance, wanda wasa huɗu kawai ya fara mata.

Akwai hanya ta dabam ga wanda ke ganin kofi a kusa. Rams ta ba da zaɓen zagayen farko har huɗu don samun Jalen Ramsey da Matthew Stafford, ta ɗauki kofi a Fabrairun 2022, kaka ta gaba kuma ta ci wasa 5 cikin 17. Idan za ka bi wannan, ka tabbata kana iya haƙo 'yan wasa a zagayen ƙasa, don da su za ka cike sauran gurabe.

Mataki na 8: Cika 90

Da an rufe daraf sai waya ta ɗauki zafi, ana neman matasan da ba a zaɓa ba don cika mutum 90 da ake shiga sansani da su. Ka fi ɗaukowa a gurbin da jerinka ya yi siriri, kuma ka tanadi isassun ƙafafu don atisayen sansani. Ana kuma ba kowace ƙungiya gurbi na musamman ga ɗan wasan da ya taso a wajen Amurka da Kanada, kuma ta wannan ƙofa matasa daga Najeriya suka shiga, musamman tun da Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, ya jagoranci sansanin NFL na farko a Afirka, a Ghana, a 2022. Jordan Mailata, ɗan wasan rugbi daga Ostireliya da Eagles ta ɗauka a zagaye na bakwai a 2018 bai taɓa buga wasan ba, ya zama takul ɗinta na hagu.

Mataki na 9: Ragewa zuwa 53

Ka fara da wannan ƙwarangwal, sannan ka gyara shi bisa salon koci. Masu kai hari 25: kwatabak 2, masu gudu 4, masu cafewa 6, tait-en, masu haɗa kariya da cafewa, 4, 'yan katanga 9. Masu tsaro 25: 'yan layin gaba da mafarauta 10, lainbaka 5, kwanabak 6, sefti 4. Masu bugu 3: mai bugun raga, mai dogon bugu, da mai miƙo musu ƙwallo. Idan kana son kwatabak na uku, sai ka rage wani wuri, kuma ka tuna abin da ya sami 49ers a Janairun 2023, da biyun da take da su suka ji rauni a wasa ɗaya.

Kusan sunaye 45 za su rubuta kansu. Aikin yana cikin ragowar, kuma tambaya uku ke raba su. Ta farko, yana wasa a rukunin bugu? Mai cafewa na shida da ba ya bin bugu da gudu ya tare mai dawo da ƙwallo ba shi da amfani ranar wasa, alhali Matthew Slater ya yi kaka 16 a New England a kan wannan aiki kusan shi kaɗai. Ta biyu, gurbi nawa yake iya riƙewa? Mutum 47 ne ke sa kaya ranar wasa, ko 48 idan akwai 'yan katanga takwas a ciki, don haka wanda ke iya tsayawa a tsakiya da gefe ya fi wanda ya ɗan fi shi amma gurbi ɗaya ya sani. Ta uku, idan an sake shi, wani zai ɗauke? Wanda bai cika shekara huɗu a gasar ba sai ya bi ta layin tayi, inda sauran ƙungiyoyi ke da damar ɗaukarsa zuwa washegari, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a gaba. Gogagge kuwa yana fita kai tsaye, don haka ana iya sallamarsa bisa fahimtar juna a dawo da shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka kuma sani cewa gogaggen da ke cikin tawaga a makon farko yana da haƙƙin albashin kakar gaba ɗaya, shi ya sa wasu ƙungiyoyi ke jinkirta ɗaukar irinsu zuwa mako na biyu.

Kada bajintar wasannin share fage ta ruɗe ka, domin yawanci masu jiran gurbi ne ke karawa da takwarorinsu. Ka duba wanda koci ya hutar, shi ne gurbinsa ya tabbata.

Mataki na 10: Tawagar atisaye da tafiyar kaka

Washegarin ragewa ake kafa tawagar atisaye ta mutum 16, ko 17 idan an haɗa da ɗan ƙasar waje. Ana iya hawo da biyu daga cikinsu a kowane wasa, kowannensu har sau uku a kaka kafin dole a ba shi gurbi a cikin 53. Sai dai kowace ƙungiya na iya ɗauke su zuwa babbar tawagarta, don haka matashin da ba ka son rasawa ba nan ne wurin ɓoye shi ba. Ka tabbata akwai kwatabak ɗaya, da 'yan katanga biyu ko uku, da kwanabak biyu a ciki, don a nan rauni ya fi yin ɓarna. Wanda aka saka a jerin masu jinya sai ya rasa aƙalla wasa huɗu kafin ya dawo, kuma adadin masu dawowa yana da iyaka, saboda haka ba kowane targaɗe ake kai wa jerin ba. Ana rufe musayar 'yan wasa ranar Talata bayan mako na tara. Idan a lokacin ƙungiyar tana kan gaba kuma rami ɗaya ne ya rage, ka ba da zaɓen tsakiya ka toshe shi. Idan ta ci wasa biyu cikin takwas, ka miƙa gogaggen da kwantiraginsa ke ƙarewa ko da zaɓen zagaye na biyar za a ba ka, ka saka matashin da ke bayansa a fili don ka ga abin da zai iya kafin Fabrairu.